Garbled: Kalmar da ta fara da tankaɗe ta ƙare da dagula zance

A Turancin yau, idan aka ce saƙo ya zo garbled, ana nufin ya iso amma bai iso lafiya ba. Akwai ainihin maganar da aka aiko, sai dai ta cakuɗe a hanya: wani yanki ya zube, wani ya hau kan wani, na gaba ya koma baya, har mai karɓa ya kasa gane inda aka dosa. Wani lokaci ma abin ya fi haka muni, domin mutum zai gane wani abu dabam ya riƙe shi a matsayin saƙon. Ana jin kalmar a bakin matuƙin jirgin sama da muryar hasumiyar filin jirgi ta yayyanke masa, da ɗan jaridar da labari ya biyo bakuna huɗu kafin ya same shi, da likitan da ke bayyana yadda maganar majinyaci take fita. Mutanen Ingila suna furta ta kamar "gaabuld", ba a jin harafin r a ciki, Amurkawa kuwa suna fito da shi. Sifa ce da aka ciro daga aikatau garble, kuma a yau sifar ta fi aikatau ɗin yawo a bakin mutane.

Kalmar tana da iyaka, kuma a nan ne masu koyon Turanci suke yawan zamewa. Garbled ba ta hawa sai kan abin da ke ɗauke da saƙo: magana, rubutu, labari, rahoto, umarni, fassara, muryar rediyo. Za a ce a garbled message, a garbled account, a garbled version of events. Ba a cewa fuskar mutum ta zama garbled don zafin ciwo, ko ƙarfen mota bayan haɗari. Wannan aikin distorted ne, wadda ta fito daga kalmar Latin torquere, wato murɗawa, tushen da ya haifi torture da torque da extort. Abin da aka ce distorted ya karkace ne daga siffarsa, amma yawanci ana iya gane shi. Taswirar duniya da Gerardus Mercator ya zana a 1569 tana nuna tsibirin Greenland kamar ya kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14. Taswirar distorted ce, ba garbled ba, domin kowace ƙasa tana nan inda ya kamata, girman ne aka jirkita. A garbled kuwa, tsarin kansa ne ya wargaje.

Haka kuma garbled ba ƙarya ba ce. Labarin ƙarya ana iya tsara shi tsaf, kowace jimla a mazauninta, ba inda za ka kama shi ta fuskar tsari. Labarin da aka kira garbled yana da gaskiya a gindinsa. An yi taron, amma an ɗora maganar wane a bakin wane. An yi haɗarin, amma an haɗa adadin waɗanda suka mutu da na waɗanda suka jikkata, an kuma ambaci garin da ba shi ba. Shi ya sa masana tarihi suke son kalmar: idan suka ce wata tatsuniya garbled memory ce ta wani yaƙi, suna nufin yaƙin ya auku, bakunan da suka yi ta miƙa labarin ne suka cuɗa shi.

Abin mamakin yana wajen asalinta. Shekaru 600 da suka wuce, garble tana nufin kishiyar wannan gaba ɗaya. Tsabtacewa take nufi.

Duk wanda ya zauna gaban malami ya yi karatun littattafan hadisi zai iya tuna kalmar Larabci garbala, wato tankaɗewa ko rairayewa, da girbal, wato rariya. Tana cikin hadisin Abdullahi ɗan Amru da Abu Dawuda da Ibnu Majah suka ruwaito, inda aka ambaci wani zamani mai zuwa da za a rairaye mutane rairayewa, "yugarbalun nasu fihi garbalatan", sai dusar mutane ta saura, waɗanda alkawuransu da amanarsu suka cakuɗe. Wannan garbala ɗin ita ce kakar garbled. Masana asalin kalmomi da dama suna ganin su ma Larabawa sun samo girbal ne daga cribellum ta Latin, ƙaramar rariya, wanda ke nufin kalmar ta tsallaka Bahar Rum zuwa gabas, ta zauna ƙarnuka, sannan ta sake tsallakowa yamma da sabon kaya.

Fatauci ne ya dawo da ita. Kafin Vasco da Gama ya zagaya Afirka ya isa Indiya a 1498, masoro da citta da kanumfari da kirfa suna bin doguwar hanya ne kafin su kai Turai. Daga gaɓar Malabar a Indiya jiragen ruwa su kai su Aden, su shiga Bahar Maliya, a sauke a ɗora wa raƙuma da jiragen kogin Nilu har Iskandariyya, inda fataken Venice da Genoa suke jira. A waɗannan tashoshi ana ciniki ne da kalmomin Larabci, kuma da yawansu sun bi kayan har gida. Tariff, kuɗin fito, daga ta'arif take. Magazine daga makhazin, rumbunan ajiya. Tare, nauyin buhu ko akwatin da ake cirewa kafin a biya kuɗin kaya, daga ɗarha. Sugar ɗinsu da sukarinmu uwa ɗaya ce ta haife su. A cikin wannan ayari garbala ta shiga bakin Italiyawa ta zama garbellare, ta shiga Faransancin da ake yi a Ingila ta zama garbeler, kuma a farkon ƙarni na 15 ta bayyana a Turanci.

Dalilin da ya sa aka buƙace ta ba ɓoyayye ba ne. Kayan ƙamshin da suka yi watanni a hanya, suka bi hannun dillalai barkatai, ba sa isowa da tsabta. Akwai ƙura da tsakuwa da karmami da ruɓaɓɓun ƙwayoyi, wasu hanya ce ta jawo su, wasu kuma da gangan aka zuba don ƙara nauyi, tunda da awo ake sayarwa kuma kayan suna da tsada ƙwarai. 'Yan kasuwar masoro na Landan, waɗanda ƙungiyarsu ta bayyana a rubuce tun 1180, sun kafa wa kansu ƙa'idoji a 1316 da suka hana jiƙa citta da kanumfari don su yi nauyi, suka hana gauraya tsoho da sabo, suka kuma hana ɗora mai kyau a bakin buhu a ɓoye maras kyau a ciki. Duk wanda ya taɓa sayen buhun hatsi ya san wannan algus ɗin bai tsufa ba. Daga cikin waɗannan 'yan kasuwa ne ƙungiyar da ake kira Grocers' Company ta fito, wadda Sarki Henry na VI ya ba takardar amincewa a 1428.

Saboda haka birnin Landan ya ƙirƙiri muƙami sukutum: garbler. Aikinsa shi ne ya shiga rumbunan ajiya, ya buɗe buhuna, a zuba a rariya a gabansa, a fitar da datti, sannan ya buga alamarsa a kan abin da ya tsabtata, a biya shi ladansa. A 1604, farkon mulkin Sarki James na I, majalisa ta yi doka ta musamman kan kyautata garbling na kayan ƙamshi, kuma dokar ta yi aiki shekara ɗari da 'yan kai kafin a soke ta a zamanin Sarauniya Anne. A wancan lokaci, idan ɗan kasuwa ya ce maka masoronsa garbled ne, yabon kayansa yake yi. Yana nufin an rairaye, an duba, hukuma ta sa hannu.

To yaya aka yi kalmar yabo ta koma ta zargi?

Amsar tana cikin aikin tankaɗen kansa. Mace ta zauna da rariya da garin dawa, ta kaɗa, lallausan ya zuba a ƙwarya, tsakin ya saura a sama. Abu biyu ne suka fito daga aiki ɗaya, kuma ita ce ke da ikon wanda za ta miƙa maka da wanda za ta ajiye. Idan tuwonka za ta tuƙa, ka gode wa rariya. Idan kuwa ita ta riƙe lallausan ta miƙo maka tsakin ta ce ga garinka nan, rariyar ba ta canza ba, aikin bai canza ba, amma an cuce ka. Turawan ma sun lura da haka tun da wuri, domin dattin da garbler yake fitarwa daga buhu shi ma garble suke kiransa. Kalma ɗaya ta riƙe aikin tsabtacewa da sharar da ya bari. Hadisin da aka ambata a sama ma ta wannan gefen ya kalli rairayar: ba abin da ya wuce ta rariya ya dama ba, abin da ya saura ne.

Matakin farko na lalacewar sunan ya zo ta wajen kuɗi. A zamanin da kuɗin Ingila azurfa ne na gaske, tsabar ba ta zama nauyi ɗaya ba. Wata ta goge da tsufa, wata ɓarayi sun daddatse gefenta. Masu canji da maƙeran azurfa sai su zauna su tsince masu nauyi su narkar ko su fitar waje, su mayar da marasa nauyi kasuwa. Wannan tsince-tsincen ana kiransa garbling na kuɗi. Tankaɗe ne sosai, sai dai jama'a ce ake bar wa tsakin. Lalacewar tsabar ta kai matsayin da a 1696 gwamnati ta janye tsofaffin kuɗin ta sake buga sababbi, shekarar da aka ba Isaac Newton muƙami a gidan buga kuɗi.

Mataki na biyu siyasa ce. Ƙarni na 17 a Ingila ƙarni ne na yaƙin basasa da juyin mulki, kuma kowane ɓangare da ya samu iko yakan tace majalisa ko rundunar soja ko hukumar gari, ya kori waɗanda ba nasa ba. A Disambar 1648 Kanar Thomas Pride ya tsaya da sojoji a ƙofar majalisar wakilai da takardar sunaye a hannu, yana hana waɗanda ba a yarda da su ba shiga. 'Yan majalisar da suka saura su ne suka kafa kotun da ta yanke wa Sarki Charles na I hukuncin kisa a Janairun 1649. Irin wannan tacewar mutane ma garble ake ce mata. Wanda ya yi ta zai ce ya fitar da bara-gurbi ne, wanda aka kora kuwa zai ce an tsince majalisa don ta faɗi abin da ake so.

Daga mutane sai aka koma kan takardu. Zuwa ƙarshen wannan ƙarnin, a wajajen 1680, an fara cewa wani ya yi garbling ɗin wasiƙa ko jawabi ko littafin abokin hamayyarsa, wato ya tsinci jimlolin da za su yi masa amfani ya watsar da sauran. Tsohuwar ma'anar ba ta mutu nan take ba. Ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 bai ba kalmar wata ma'ana ba sai tankaɗewa da raba mai kyau da maras kyau. Amma a fagen muhawara sabuwar ma'anar ce ke cin kasuwa, kuma ita ta yi rinjaye.

Wannan matakin ne, a ganina, ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin yana nuna irin jirkita zancen da ya fi wuyar kamawa. Mai garbling na wancan zamani ba ya ƙara ko kalma ɗaya. Duk abin da ya kawo, mai maganar ya faɗe shi. In ka kai shi gaban alƙali zai buɗe littafin ya nuna maka shafi da layi. Malamanmu suna da tsohon misali a kan haka: wanda ya karanta "la taƙrabus salata" a aya ta 43 ta Suratun Nisa'i ya yi shiru, bai ƙarasa da "wa antum sukara" ba. Bai ƙirƙiri harafi ba, amma ya mayar da hanin yin salla cikin maye ya zama hanin salla ɗungurungum. Da almakashi ake wannan aikin, ba da alƙalami ba.

Tarihin Turai yana da misalin da ya jawo yaƙi. A 1870 an yi wa wani basarake ɗan gidan sarautar Prussia, Yarima Leopold, tayin gadon sarautar Sifaniya. Faransa ta tayar da jijiyar wuya, tana ganin za a sa ta a tsakiya, har aka janye takarar. Bai ishe ta ba. Ranar 13 ga Yuli jakadanta, Vincent Benedetti, ya tare Sarkin Prussia, Wilhelm na I, a garin shaƙatawa na Bad Ems, ya nemi sarkin ya yi alkawarin cewa har abada ba za a sake tayar da maganar ba. Sarkin ya ƙi, amma cikin mutunci. Daga baya da tabbacin janyewar ya iso masa a rubuce, sai ya aiki dogarinsa ya sanar da jakadan cewa labarin ya tabbata, don haka babu sauran abin tattaunawa. Wani jami'i mai suna Heinrich Abeken ya aika wa firaministan Prussia, Otto von Bismarck, cikakken bayani ta talgiram a Berlin, tare da izinin sarki na a sanar da jama'a in ya ga dama.

Bismarck yana cin abincin dare da manyan hafsoshi biyu, Moltke da Roon, lokacin da saƙon ya iso. Yaƙi yake so, don ya haɗa kan ƙasashen Jamus a ƙarƙashin Prussia. Sai ya ɗauki fensir ya rage saƙon. Ya cire bayanin dalili, ya cire lafuzzan sassauci, ya manne farko da ƙarshe. Abin da ya saura yana cewa jakadan Faransa ya zo da buƙata, sarki ya ƙi sake ganinsa, ya aika dogari ya ce masa ba shi da abin faɗa. Bajamushe ya karanta ya ga an raina sarkinsa, Bafaranshe ya karanta ya ga an kori jakadansa kamar almajiri. Sannan fassara ta ƙara nata. Kalmar Adjutant a Jamusanci babban hafsa ne na kusa da sarki, amma adjudant a Faransanci ƙaramin soja ne, don haka jaridun Paris suka fito ranar 14 ga Yuli da labarin da ke nuna kurtu aka tura wa jakada. Ranar 19 ga Yuli Faransa ta shelanta yaƙi. Farkon Satumba aka kama sarkin Faransa, Napoleon na III, a Sedan, kuma ranar 18 ga Janairun 1871 aka ayyana daular Jamus a fadar Versailles. Saƙo ɗaya ya sha garbling iri biyu: na ganganci a teburin Bismarck, da na kuskure a hannun mai fassara.

Na biyun nan shi ne ya gaje kalmar. Da wayar talgiram ta yaɗu a ƙarni na 19, sai aka samu sabon mai dagula saƙo wanda ba shi da niyya ko manufa. Ma'aikaci ya ji gajeren bugu a maimakon dogo, waya ta yi rauni a tsakiyar teku, lamba ɗaya ta sauya a saƙon sirri sai kalmar gaba ɗaya ta zama shirme. Rediyo da tarho suka zo suka ƙara. Mutane suna buƙatar sunan da za su kira saƙon da ya iso a haka, sai suka ɗauki garbled. Sannu a hankali zargin ha'inci ya bushe daga jikinta, ma'anar cakuɗewa ta zauna.

Ko a nan ɗin, in aka duba da kyau, rariyar ba ta ɓace ba. Ranar 27 ga Maris 1977 aka karkatar da jirage da dama zuwa ƙaramin filin jirgin Los Rodeos da ke tsibirin Tenerife na Sifaniya, saboda bam da ya tashi a filin Gran Canaria. Cikinsu akwai manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM ɗaya na kamfanin Pan Am. Da aka buɗe hanya, hazo ya rufe filin, har hasumiya ba ta ganin jiragen, su ma ba sa ganin juna. Na KLM ya kai ƙarshen titi ya juyo yana shirin tashi, na Pan Am kuwa yana tafe a hankali a kan titin guda. Mataimakin matuƙin KLM ya faɗi wata jimla mai harshen damo da ke nuna suna kan tashi. Jami'in hasumiya ya amsa da "OK", ya ɗan tsaya, sannan ya ce su dakata zai kira su. A daidai wannan daƙiƙar matuƙan Pan Am suka danna nasu rediyon suna cewa har yanzu suna kan titin. Muryoyi biyu a zango ɗaya ba sa wucewa tare, sai suka haɗu suka zama ƙara mai tsini a kunnen matuƙan KLM. Gargaɗi biyu, kowannensu ya isa ya tsayar da jirgin, duka suka nutse a cikin ƙarar. Abin da ya wuce sarai shi ne "OK". Mutum 583 suka mutu, kuma har yau babu haɗarin jiragen sama da ya kai shi yawan rayuka.

Ba rediyo kaɗai ke da laifi ba, domin binciken ya nuna kyaftin ɗin KLM ya fara gudu ba tare da an ba shi izini ba. Amma darasin da harkar jiragen sama ta ɗauka ya shafi lafazi kai tsaye. An tsananta amfani da tsayayyun jimloli, an hana dogaro da kalmomi irin su "OK", kuma kalmar takeoff ba a furta ta yanzu sai lokacin ba da izinin tashi ko soke shi. Kafin nan departure ake cewa. Matuƙi kuma dole ya maimaita muhimmin umarnin da aka ba shi don mai bayarwa ya ji ko ya isa daidai. Dabarar duka ɗaya ce: a gina saƙon yadda ko wani yanki ya zube, abin da ya saura ba zai yi kama da izini ba.

Mai rubutun Hausa a kwamfuta ya san nasa nau'in. Ka rubuta "ƙasa" ka aika, ta buɗe a wata na'ura ta zama "Æ™asa". Ka rubuta "ɗaki" ya fito "É—aki". Ba aljanu ba ne. A tsarin UTF-8 da yawancin intanet ke amfani da shi, harafin ƙ ana ajiye shi ne da lambobi biyu. Idan manhajar da ta buɗe rubutun tana karatu da tsohon tsarin Windows na yammacin Turai, wanda ke ɗaukar kowace lamba a matsayin harafi guda, sai ta fassara lambar farko Æ, ta biyu ™. Babu abin da ya ɓata daga saƙon, mabuɗin karatun ne ba daidai ba, shi ya sa sau da yawa in aka sake buɗe fayil ɗin da tsarin da ya dace rubutun yakan dawo garau. Turawa suna kiran wannan garbled text, Japanawa da suka daɗe suna fama da shi suna ce masa mojibake. Wanda ya fi haɗari shi ne wanda ba ya nuna kansa: manhajar da ta share lanƙwasar ta mayar da ƙ ta zama k shiru, sai "ƙasa" ta koma "kasa", "ɓata" ta koma "bata". Wannan ba shi da mabuɗin da zai dawo da shi. Masu kwafar littattafai da hannu sun san irinsa tun da daɗewa, malaman hadisi suna kiransa tas-hifi, inda ɗigo ɗaya da ya sauya wuri yake mayar da sunan mai ruwaya na wani.

Abin da ya rage shi ne yadda za a yi da kalmar idan an gamu da ita, musamman ga masu fassara labarai, domin nan ne nake yawan ganin an yi mata nauyin hannu. Idan kakakin gwamnati ya ce rahoton wata jarida garbled ne, bai ce jaridar ta yi ƙarya ba, kuma fassara shi da "ƙarya" ko "ƙage" sa masa magana ce a baki. Ya ce ne an cakuɗa bayanin, kuma sau da yawa da gangan yake zaɓar kalmar don ta ba shi damar musanta rahoton ba tare da ya zargi kowa ba, ba kuma tare da ya musanta cewa wani abu ya faru ba. "An dagula bayanin" ko "labarin ya zo a cakuɗe" sun fi kusa. In murya ce a waya ko rediyo, "tana yayyankewa" ko "ba ta fita sosai" sun wadatar. Idan kuwa tsohon rubutu ne na ƙarni na 18 ko na 19 aka ce garbled extracts, to a nan akwai zargi, kuma ma'anar ita ce an tsinci abin da ake so an bar sauran. Mai son ya zargi wani da ganganci a Turancin yau yakan ƙara deliberately a gaba, ko ya koma ga distorted, twisted ko doctored, waɗanda suka fi ɗaukar nauyin niyya. Tsohuwar ma'anar tsabtacewa kuwa ta maƙale a lungu ɗaya: masu haɗa magungunan ganye a ƙasashen Turanci har yanzu suna kiran tsince itatuwa da datti daga busasshen ganye garbling.

A asibiti ma kalmar tana da nata gurbin, kuma ana bambanta ta da slurred. Slurred speech ita ce maganar da harshe ya yi nauyi, kalmomin daidai suke amma suna fita a jaye, kamar na wanda barci ko maye ya ɗauka. Garbled speech kuwa kalmomin ne da kansu suke fita a hargitse: mutum yana magana da sauri, muryarsa garau, amma ya sa wata kalma a gurbin wata, ko ya furta abin da ba kalma ba ce, sau da yawa bai ma san ba a gane shi ba. Likitan Jamus Carl Wernicke ne ya bayyana irin wannan a 1874, ya danganta shi da lahani a wani yanki na ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa. Duk wanda magana ta rikice masa haka farat ɗaya, ko ta yi nauyi, musamman in baki ya karkace ko hannu ɗaya ya saki, alamar shanyewar ɓarin jiki ce, kuma asibiti ake nufa da shi nan take, domin maganin narkar da gudan jinin da ya toshe jijiya yana aiki ne a cikin 'yan sa'o'in farko kawai.